Tasirin Sinadaran Narkarwa da na Wanki a Kan Fentin Ƙananan Motocin Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Motar kwaikwayo ƙaramar mota ce da ake ƙerawa daidai da siffar wata motar gaske, a rage tsawonta da faɗinta da tsayinta bisa ma'auni guda. Ma'aunan da suka fi yaɗuwa su ne 1:18 da 1:24 da 1:43 da 1:64. A ma'aunin 1:43, alal misali, motar da tsawonta ya kai mita 4.3 takan dawo santimita 10. Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Ingila da Amurka: kamfanin Meccano ya fito da Dinky Toys a 1934, Lesney ya fito da Matchbox a 1953, Mettoy ya kawo Corgi a 1956, sannan Mattel ya shigo da Hot Wheels a 1968. Don yara aka fara yin su, amma yau manya ne ke tara da yawa daga cikinsu, ana kuma gwanjon tsofaffin. A wannan kasuwa, motar da ke ɗauke da fentinta na asali, ko da ya ɗan karce, ta fi wadda aka sake wa fenti daraja.

Wannan ne ya sa tsabtace su ya zama abin nazari. Ƙura da maiƙon hannu da hayaƙi da ragowar gam ɗin takardar farashi duk suna taruwa a jikin mota, mai ita kuma yakan ɗauki abin da ya samu kusa ya goge. Takardar nan ta duba abin da ke faruwa tsakanin fenti da sinadarin da aka shafa masa. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce, ƙarfin sinadari kaɗai ba ya bayyana ɓarnar da zai yi. Sai an san yadda fentin ya bushe tun farko, an kuma san wane sashe ne mafi rauni a jikin motar.

2.0 Abin da Ke Jikin Motar

Motar da ke cika tafin hannu tana iya ɗauke da kaya iri biyar ko shida. Gangar jikin mafi yawan motocin masana'anta ta zamak ce, wani gami na tutiya da alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam, wani lokaci da jan ƙarfe. Waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa don mutum ya haɗa da kansa, irin na Tamiya da Revell da AMT, na robar folistirin ne. Akwai kuma na ABS da na daskararren ƙaron foliyuretan. Gilasan roba ce mai haske. Corgi ta yi suna tun 1956 da sanya wa motocinta irin wannan gilashi. Tayoyi sau da yawa na PVC ne mai laushi. Abin da ake gani kamar kurom a bamba da gaban mota yawanci tururin alminiyam ne da aka sauke a kan roba cikin wurin da aka zuƙe wa iska, kaurinsa bai kai maikiron 1 ba. Lambobi da tambura da zane-zanen gefe kuwa, ko dai an buga su da tawada ta hanyar dangwale da tattausan silikon, ko an manna su da siririyar fatar da ake jiƙawa a ruwa.

Kowanne daga cikin waɗannan da abin da yake jurewa. Fentin gangar jiki shi ne yawanci mafi ƙarfi, kuma shi ne ido ke fara gani, don haka da shi mai gogewa yake auna sinadari. Nan kuskuren yake, domin tsumman da ya bi ta kan ƙofa sai ya bi ta kan tambari da gilashi.

3.0 Yadda Fenti Ke Bushewa

Kowane fenti yana da launi, da abin da ke ɗaure launin, da ruwan da ke ɗauke da su har a shafa. Bambancin da ya shafi wannan nazari yana wajen maɗaurin.

Kashi na farko shi ne fentin da ke bushewa ta hanyar tashin ruwansa kawai. Lakka, ko ta naitiroselulos ko ta akirilik, a nan take. Sinadarin narkarwa ya tashi, ya bar dogayen sarƙoƙin maɗauri kwance a kan juna ba tare da sun ƙulle ba. Halinta irin na tawadar allo ne da aka dama da ƙaro: ta bushe ta kama, amma duk ranar da ruwan da ya dama ta ya dawo sai ta saki. Lakkar da ta shekara hamsin tana narkewa a tina kamar wadda aka fesa jiya. Jan hankali ya wajaba a nan game da Hot Wheels na 1968 zuwa 1972 masu fentin Spectraflame, wanda launi ne mai haske da aka fesa a kan ƙarfe mai ƙyalli. Kyansa ya dogara ga daidaiton kaurinsa, saboda haka ko kaɗan aka rage a wani wuri sai tabon ya fito fili.

Kashi na biyu shi ne fentin da ke ƙullewa. Inamel, wanda dangin fentin mai ne, yana sha iskar oksijin a hankali, sarƙoƙinsa su haɗu su zama raga guda. Yakan bushe a taɓa cikin sa'o'i, amma ƙullewar takan ɗauki kwanaki ko makonni. A masana'anta gasa shi ake yi a tanda don ya ƙulle da sauri, shi ya sa fentin tsofaffin Dinky da Matchbox yake da tauri. Fentin foliyuretan mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa kafin feshi, ya fi kowanne ƙulluwa. Irin wannan fenti ba ya narkewa a ma'ana ta haƙiƙa. Abin da sinadari ke yi masa shi ne ya shige cikin ragar ya kumbura ta. In kumburin ya yi yawa sai fentin ya tattare, ya yi yamutsi, ya rabu da ƙarfen.

Fentin akirilik na ruwa yana tsakani. Ƙwayoyin roba ne ƙanana da ke yawo a ruwa; ruwan ya tashi, su matsu su manne da juna. Ruwa ba ya sake narkar da shi, amma barasa da amoniya suna kwance shi cikin sauƙi. Akirilik ɗin Tamiya na kwalba ma da barasa ake sirka shi tun asali.

Daga nan aka samo ƙa'idar da masu haɗa motoci ke bi wajen jera fenti: lakka a ƙasa, inamel a kai, akirilik a sama. In aka juya, aka fesa lakka a kan inamel, tinar da ke cikin lakkar takan kumbura na ƙasan ya tattare nan take. Suna kuma cin moriyar bambancin da gangan, inda sukan zuba tsinkakken inamel a layukan ƙofa bisa lakka mai sheƙi, su goge rarar da farin sipirit, lakkar ba ta ji komai ba.

4.0 Dalilin da Ya Sa Wani Ke Narkar da Wani

Masana kimiyyar sinadarai sun daɗe da lura cewa abu yakan narke a cikin abin da ya yi kama da shi. Joel Hildebrand ya mayar da wannan lura lissafi a 1936, inda ya ba kowane sinadari lamba gwargwadon ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyinsa. A wannan ma'auni hekzen yana kusan 15, toluwin 18, asiton 20, barasar aisofurofil kusan 24, itanol 26, ruwa kuma kusan 48. Folistirin yana tsakanin 18 da 19. Kallo ɗaya ya isa a gane dalilin da ya sa toluwin ke narkar da jikin motar roba, ruwa kuwa ba ya yi mata komai.

Lamba ɗaya ba ta wadatar ba, domin sinadarai biyu suna iya yin kusa a lamba su bambanta a aiki. Charles Hansen, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Denmark a 1967, ya raba lambar gida uku: ƙarfin jan da ke tsakanin kowace irin ƙwaya, da ƙarfin da rabuwar caji ke haifarwa, da ƙarfin ɗaurin haidurojin. Da wannan rabo ake fahimtar dalilin da ya sa asiton ke cinye lakka gaba ɗaya, amma folistirin sai ya mayar da shi danƙo mai yauƙi. Haka kuma ake fahimtar wani abu mai ban mamaki, wato sinadarai biyu da kowannensu shi kaɗai ba ya narkar da fenti suna iya narkar da shi in aka gauraya su. Tinar da ake sayarwa a gwangwani gauraye ce, kuma haɗin yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sakamakon gwangwanin jiya ba hujja ba ne a kan na yau.

Saurin tashi ma yana da nasa tasiri. Asiton yana tafasa a digiri 56 na Salshiyas, aisofurofil a 82, toluwin a 111. Mai saurin tashi yana barin fenti da wuri, sai dai yana sanyaya wurin har danshin iska ya sauka ya maƙale a cikin fentin da ya yi laushi, ya bar farin hazo. Wannan ya fi faruwa lokacin damina. Mai jinkirin tashi kuma yana samun lokacin da zai ratsa har ƙasa.

5.0 Sinadaran Narkarwa Ɗaya Bayan Ɗaya

Asiton, da ɗan'uwansa MEK, da itil asitet, su ne ke cikin mafi yawan ruwan goge jan farce. Suna narkar da lakka da akirilik cikin daƙiƙu, suna share tambura, suna kuma dusar da gilashin roba dusarwar da ba ta da magani sai gurza. Masu sauya wa Hot Wheels kamanni suna amfani da asiton da saninsu: a tsoma tsinken auduga, a bi ta kan zanen gefe sau ɗaya, audugar ta fito da launin tawadar, gasasshen fentin ƙasa ya tsira. Wannan ya nuna tazarar da ke tsakanin tawada da fenti a fili. Amma tazarar ta daƙiƙu ce. In audugar ta daɗe ko aka maimaita, sheƙin fentin yakan mutu.

Barasa ta fi yaudara, domin mutane sun saba ganin ta a asibiti suna ɗaukar ta abu mai sauƙi. Aisofurofil mai ƙarfin kashi 91 ko 99 cikin 100 shi ne abin da masu haɗa motoci ke jiƙa gangar roba a ciki in suna son tuɓe akirilik, har ma da wasu lakkoki in an bar su kwana. Gasasshen inamel yana jure shafa ɗaya, tambari kuwa ba lallai ba. Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa nan take. Roba mai haske, musamman akirilik, takan fito daga injin zubi da sauran tsauri a cikinta. Barasa ta shiga ta buɗe wasu tsage-tsage sirara kamar gizo ya yi saƙa, wani lokaci bayan sa'o'i. Akwatunan nuni na akirilik ma haka suke lalacewa. Ruwan tsabtace hannu, wanda ya cika gidaje tun 2020, yana ɗauke da barasa kashi 60 ko fiye, kuma yatsan da bai bushe ba yana iya barin shaidarsa a kan rufin mota.

Farin sipirit da nafta, irin wadda ake zuba wa leta, su ne mafi sauƙin kai ga fentin da ya gama ƙulluwa. Suna cire maiƙo da ragowar gam, kuma nafta tana tashi ba ta bar komai. Haɗarinsu biyu ne: suna kwashe inamel ɗin da bai gama ƙulluwa ba, kuma in suka taru a kan folistirin ko ABS tsirara, musamman a gaɓar da aka matse, robar takan yi gautsi ta tsage. Kananzir danginsu ne, sai dai yana barin maiƙo da wari, maiƙon kuma yakan bi ta ƙarƙashin tamburan mannawa ya ɗaga su. Fetur bai kamata ya kusanci motar kwaikwayo ba, domin yana ɗauke da toluwin da zailin. Wannan ya cancanci nanatawa a wuraren da aka saba wanke hannu da kayan aiki da fetur a gareji.

Ruwan goge gam mai ƙanshin lemo yana ɗauke da limonin, wanda ake tatsa daga ɓawon lemo. Kasancewarsa daga tsiro bai hana shi narkar da folistirin ba. Man birki na DOT 3 da DOT 4 kuma, wanda duk bakanike ya san yana cin fentin mota, wasu na jiƙa gangar roba a cikinsa don tuɓe fenti. Yana aiki, amma yakan bar wasu robobi da gautsi. Ɗaya daga cikin mafi ƙarfin masu tuɓe fenti shi ne daikuloromiten, wanda Tarayyar Turai ta yanke shawarar taƙaita shi a 2009, Amurka kuma ta hana sayar da shi ga jama'a don wannan aiki a 2019, saboda mutanen da suka mutu ta shaƙarsa.

6.0 Kayan Wanki na Gida

Waɗannan ba ta narkarwa suke ɓarna ba, ta sauya sinadarin fentin ne ko ta gurza shi. Soda mai ƙuna, wadda ke cikin ruwan wanke tanda da na buɗe magudana, tana yi wa inamel abin da take yi wa man gyaɗa a tukunyar mai sabulu: ta karya maɗaurin ta mayar da shi sabulu. Shi ya sa take tuɓe fentin da tina ta gaza a kansa. Folistirin ba ya jin ta, amma tutiya da alminiyam suna ji. Zamak da aka bari a ciki yakan yi baƙi ya yi rami-rami, yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Garin sabulun wanki ma yana da kaifin alkali, ko da yake bai kai soda ba, kuma yana dusar da tsohon fenti in an jiƙa mota a ciki. Bilic yana cinye kurom ɗin roba cikin mintuna, ya bar bamba da launin robar da ke ƙasa. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana kwance akirilik, har da shafen sheƙi irin na Future da masu haɗa motoci suka daɗe suna amfani da shi. Ruwan tsami kamar na lemon tsami ko binega yana cin tutiya a duk inda fenti ya ɓare.

Gurza kuwa ita ce ɓarnar da aka fi rainawa. Man goge baki yana da garin silika, farin soson melamin takardar yashi ce mai laushi, man goge mota kuma an yi shi ne don shafen saman motar gaske mai kaurin maikiron 40 zuwa 50. A motar kwaikwayo fenti ya fi siranta a kan kusurwoyi da layukan da suka taso, a nan ne ƙarfe ke fara leƙowa. Ita kanta ƙura tana gurza. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara tana ɗauke da ma'adinin kwaz mai taurin 7 a ma'aunin Mohs, wanda ya fi kowane fenti tauri nesa ba kusa ba. Wanda ya sa busasshen tsumma ya murza motar da ta sha hazo a Kano ko Damagaram, da yashi ya goge ta, kuma zai ga zagayayyun karce in ya karkata ta a rana.

Ko ruwa zalla yana da sharaɗi. Yana ɗaga tamburan mannawa da ba a rufe ba, yana kwanciya a ciki ya sa gindin ƙarfe da sandunan taya tsatsa, mai gishiri-gishiri kuma yana barin ɗigo-ɗigo. Ruwan zafi yana lanƙwasa siraran sassan folistirin tun kafin ya kai tafasa.

7.0 Lalacewar da Goga Ba Ta Gyarawa

Wasu alamu suna kama da datti alhali ba datti ba ne. Ƙurajen da ke tasowa a ƙarƙashin fenti, tare da tsagewar gangar jiki, alamar ciwon tutiya ce, wanda ke samuwa idan dalma ko kadmiyam ko kuza suka gurɓata gamin tun wajen zubi. Ya fi yawa a motocin shekarun 1930 zuwa 1950, danshi kuma yana hanzarta shi. Daga ciki yake fitowa, babu abin shafawa da zai tsayar da shi. Haka nan tayar PVC tana fitar da man da ke tausasa ta, man ya narkar da folistirin ko lakkar da ya jingina da ita, ya bar sawun taya a kan shiryayye ko a jikin motar da ke kusa. Mai goge irin waɗannan da tina, garin neman gira zai rasa ido. Maganinsu shi ne busasshen wuri da raba taya da abin da take taɓawa.

8.0 Tsarin Gwaji Kafin Tsabtacewa

Masu adana zane-zane a gidajen tarihi sun riga kowa fuskantar wannan matsala. Binciken Nathan Stolow a kan fentin mai ya nuna cewa sinadari, ko bai cire launi ba, yana tsotse wasu ƙananan ƙwayoyi daga cikin fentin ya bar shi da gautsi. Ma'ana, rashin ganin launi a jikin auduga ba ya nufin ba a yi asara ba, kuma asarar tana taruwa da kowace gogewa. Daga baya, a shekarun 1980, Richard Wolbers ya yaɗa dabarar daskarar da sinadari ya zama kamar kamu don ya tsaya inda aka sa shi, kada ya malale.

Tsarin masu adana zane-zanen ya dace da motar kwaikwayo. A fara da iska da tattausan buroshi. In bai isa ba, a ɗan jiƙa tsinken auduga da tataccen ruwa, a mirgina shi a kan fentin maimakon a murza. Bayan haka sai ɗigon sabulun wanke kwanuka na ruwa, a bi shi da ruwa zalla, a busar. Nafta tana zuwa ne don gam da maiƙo kawai, a kan gasasshen fenti, nesa da gilashi da tambari. Kowane mataki a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri, kamar cikin mazaunin taya ko ƙarƙashin mota, a duba audugar a haske, a kuma jira kwana guda saboda tsagewar da ke zuwa a makare. Inda mataki ya biya buƙata, a nan ake tsayawa. Idan ba a san irin fentin ba, a ɗauka shi ne mafi rauni.

Lafiyar mai aikin tana cikin lissafi. Toluwin da zailin suna taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, dukkan sinadaran narkarwar da aka ambata in ban da daikuloromiten suna kama wuta, haɗa bilic da amoniya kuma yana fitar da iska mai guba. A yi aiki a wuri mai iska, da safar hannu, nesa da wuta da yara. Tsofaffin motoci suna da ƙarin haɗari, domin sai a 1978 Amurka ta hana amfani da fenti mai dalma a kayan wasan yara. Motar da aka ƙera kafin wannan shekara kada a gurza fentinta a bushe, kada kuma a bar yaro ya sa ta a baki.